Sunan Kakar da Ban Rubuta Ba

Ni ne na yi laifi, kuma da gangan na yi shi. Babu wanda ya sa ni. Baffana ya ba ni amanar tarihin gidanmu in rubuta, na rubuta abin da raina yake so, na bar abin da ya faɗa. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya wahalar da kansa yana nema mini uzuri a hanya. Ni ma na daɗe ina nema, ban samu ba.

Baffa yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina ina aji uku na firamare. Maginin ƙasa ne, irin waɗanda suka san tubali da azara da yadda ake ɗaure baka a soro. Lokacin da na yi wayo siminti ya riga ya cinye sana'ar, sai gyaran tsofaffin katangu a cikin gari bayan damina. Karatuna bai yi nisa ba, a aji uku na sakandare na tsaya. Daga baya na samu aikin masinja a wani ofis a Abuja, kullum in bi motar asuba daga Keffi, in dawo da yamma bayan mun sha cunkoson hanya.

Abin da aka fi sanin Baffa da shi a unguwarmu bai tsaya a gini ba. Ya san sarakunan garin nan a jere, daga na farko har zuwa wanda ke kan gado. Ranar Juma'a bayan la'asar yakan zauna a zaure, maƙwabta su taru, wani ya ce, "Baba, a ɗan taɓa mana na da." Sai ya gyara zama ya fara.

Bai taɓa kumbura garin ba. Yakan ce ƙaramar sarauta ce in an gwada ta da Kano ko Zariya. Makiyaya ne suka gangaro daga arewa da shanunsu, suka tarar da ciyawa da ruwa, suka kafe itatuwa suka kewaye kansu, gari ya tashi. Sarki yana nan da fadarsa da alƙalinsa, amma akwai na sama da shi a Zazzau, kuma duk shekara sai an aika gaisuwa can, kaya da mutane. Yakan faɗi wanda ya daɗe a kan gado da wanda bai jima ba, da wanda aka faɗaɗa ganuwa a zamaninsa. Yakan zo kan shekarar da aka kashe wani Bature a garin nan, mutane suka watse cikin daji suka bar tukwane a kan murhu. Daga nan zamanin En'e, da zuwan titi, har ya iso ranar da aka wayi gari motocin Abuja sun fi jakuna yawa.

Amma yana da wata hanya tasa wadda ban taɓa ji a bakin kowa ba. In ya gama da sarki ɗaya, kafin ya wuce zuwa na gaba, sai ya ce, "Mu kuwa a lokacin," ya faɗi inda gidanmu yake da abin da muke yi. Haka ya karɓa daga mahaifinsa. A sarakunan farko yakan ce, "Mu kuwa a lokacin muna can kan dutse, ba mu san da garin nan ba." To, a wannan wurin ne nakan tashi in ce zan duba akuya.

Ga abin da nake gudu. A zamanin ɗaya daga cikin sarakunan da suka biyo baya, mahara suka faɗa wa wani ƙauye a bayan Panda, suka kamo mutane. A cikinsu akwai wata budurwa da aka tare a hanyar rafi. An ware ta cikin waɗanda za a tura arewa, sai kurkunu ya fito mata a ƙafa, ta kasa tafiya. Aka bar ta a hannun wani magini cikin bayin fada, tana ɗebo ruwa tana taka ƙasar gini. Ita ce ta haifa wa maginin kakan Baffa. Daga gare ta muka fito, duk gidanmu. Bayan zuwan Turawa, da hanyoyi suka yi lafiya, wanta ya yi ta yawo kasuwa-kasuwa har ya gane ta da tsagar fuska, ta riga ta tsufa. Ya ce ta zo su koma gida. Ta ce 'ya'yanta da jikokinta suna nan, ina za ta? Shi ne ya ce to, gonar ubansu da rabonta a ciki, za a riƙa kawo mata. Baffa ba ya ambaton sunanta a zaure. Kaka kawai yake cewa.

Rabon nan bai taɓa yankewa ba. Duk shekara bayan an haƙe doya, wani dattijo daga ƙauyen yakan zo da ita a bayan a-kori-kura, da ɗan ƙullin acca. Kirista ne, manomi, dattijo a cocinsu, kuma Baffa ya girme shi da shekaru masu yawa. Duk da haka Baffa yana kiransa Kawu, tunda daga tsatson wan Kaka ya fito.

"Kawu, bana doyar ce ta rame, ko hannunka ne ya ƙanƙance?"

"Ji shi! Ɗan ƙanwata ba ya godiya. Ka zo ka yi kunya ɗaya a gonar mu gani, mai ginin laka."

"Ni da na gina wa sarakuna soro zan tsaya ina tonon rami?"

"Soron yana ina? Ruwa ya cinye. Doyata kuwa ga ta a cikinka."

Haka za su yi ta yi har a kawo tuwo su ci a kwano ɗaya. In lokacin salla ya yi, Kawu ya zauna a zaure ya jira. In zai tafi Baffa ya ba shi gishiri da sabuwar hula.

Ni kuwa a ofis wani mutum ne daban. Akwai wani direba, ɗan wasu mutanen kudu masu sayar da kayan gyaran babur a Gangaren Tudu, a Keffi aka haife shi. Da ya ji gidanmu yana cikin tsohon gari kusa da fada, sai ya fara kirana Yarima don tsokana. Sunan ya bi ni. Da farko dariya nake yi. Daga baya na daina cewa wasa ne. In ana hira nakan ce, "Ai mu da masu garin tare muka zo." Mutumin da ke ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur, ana aikensa sayen ruwan sanyi, in aka ce masa Yarima, wani abu yakan kwanta masa a ƙirji. Wata rana direban ya sauke ni a ƙofar gida ya ga Kawu a zaure, ya tambaye ni ko wane ne. Na ce mai yi wa Baffa noma ne.

Ƙanwar direban nan ce ta zo da maganar rubutu. Tana karatun tarihi a jami'ar garinmu, za ta rubuta kundin kammala digiri a kan sarakunan Keffi, an ce ta nemi tsofaffi. Yayanta ya ce mata ga gidan su Yarima. Ta zo ranar Asabar da safe, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Baffa da Hausarta mai ɗan karkata. Ya ji daɗinta. Da ta fito da waya za ta ɗauki muryarsa, ya ɗaga hannu.

"A'a, 'yata. Mayar da abin nan jaka. So kike in mutu ina ta surutu a aljihun mutane?"

Ta yi dariya ta mayar. Suka gwada ta rubuta da kanta, abin bai yiwu ba. Haƙoran Baffa sun zube, kalmominsa kuma na da ne, rabi ba ta kamawa. Sai ya nuna ni ya ce, "Ga ɗana nan, ya yi boko. Zan faɗa masa a tsanake ya rubuta miki, ki zo ki karɓa."

Asabar uku muka yi muna wannan aiki da hantsi, shi a kan buzu, ni da littafin rubutu a kan gwiwa. Idonsa ya riga ya yi rauni, boko kuma bai taɓa karantawa ba. Sarakunan na rubuta su daidai, ban taɓa ko ɗaya ba. Amma duk inda ya ce "mu kuwa a lokacin", sai in sassauta hannu. A Asabar ta biyu ya zo kan Kaka. Ya cire hularsa ya ajiye a gefe.

"Yanzu ka buɗe kunne. Sunanta na dutse zan faɗa maka, wanda uwarta ta raɗa mata. Mahaifina sau ɗaya ya faɗa mini, yana kwance. A gidan nan mutum ɗaya ke riƙe shi, in ya ga ya gaji ya miƙa wa na baya. Tunda yau za a sa a takarda, ya huta da yawo a bakin tsofaffi. Rubuta da kyau."

Ya faɗa sau uku, a hankali, yana raba shi gaɓa-gaɓa. Suna ne na yarensu, ban taɓa jin irinsa ba. Na motsa biro a sama da takarda don ya ji kamar ina rubutu. Ban sa komai ba. Hankalina yana kan direba, da yadda zai shiga ofis da labarin, da yadda za a koma kirana.

"Ka rubuta?"

"Na rubuta, Baffa."

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya mayar da hularsa. Ranar ya ci abinci fiye da yadda ya saba.

Da na zo kwafewa a takarda mai kyau, na cike gurbin da nawa. Na ce kakanmu na farko ya zo tare da sarki na farko yana kora masa shanu, kuma saboda amana aka danƙa wa gidanmu kula da ganuwa. Layi shida ne kacal. Na karanta su na ji sun yi kyau.

Bayan wata biyar ɗalibar ta dawo, ranar Juma'a da la'asar, zaure cike da maƙwabta. Ta zo da kundin an ɗinke shi da baƙin bango, da lemo a leda. Ta ce ta ci jarrabawa, ta zo godiya, kuma tana so Baba ya ji inda aka sa gidansa. Na ce ai ba sai an karanta ba, Baffa ya gaji. Ya ce, "Wa ya ce maka na gaji? Karanta, 'yata." Ta buɗe tana juya Turancin zuwa Hausa, layi bayan layi. Ta karanta shanun. Ta karanta amanar ganuwa.

Baffa ya karkato da kunnensa mai ji. "Sake faɗin wurin nan."

Ta sake.

"Daga nan sai me?"

"Shi ke nan, Baba. Sai sarki na gaba."

"Babu wata mace a wurin?"

Ta duba shafin, ta juya bayansa, sannan ta dube ni. Maƙwabtan nan duk sun sha jin labarin Kaka, babu wanda bai san shi ba. Wani tela da ke gefena ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa. Na jira Baffa ya tona ni. Da ya yi haka, wataƙila da na ba shi haƙuri a ranar, an wuce wurin.

"To," ya ce. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kin yi aikinki. A ba ta ruwa."

Daga ranar bai ƙara ba da tarihi ba. Juma'a ta zagayo, aka ce a taɓa na da, ya ce maƙogwaronsa yana ciwo. Ta gaba ya ce ya manta. A hankali mutane suka daina taruwa. Bai canza mini fuska ba. Ina gaishe shi yana amsawa, yana tambayata hanya, yana sa wa 'ya'yana albarka. Ni kuma na riƙe wannan na ce ai abin ya wuce.

Ba zan ɓoye irin tunanin da na riƙa yi a watannin nan ba. Na ce wa kaina don 'ya'yana na yi, kada a goranta musu. Na ce kundin ɗaliba ne, zai kwanta a kan kanta ya yi ƙura, wa zai karanta? Har na ce laifin Baffa ne da ya ɗauki abin kunya ya mai da shi abin faɗa a zaure. Sau biyu na tsaya a ƙofar ɗakinsa da niyyar magana, sai in tambaye shi ko yana bukatar maganin ido.

Sau ɗaya kawai ya taɓo zancen. Muna gyaran katangar bayan gida da damina ta zubar, yana zaune yana nuna mini yadda zan dasa tubali. Ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Ta taka ƙasar garin nan da ƙafa mai ciwo. Sarakunan da ka rubuta, a cikin ɗakunan da ta taka suka kwana." Na ce, "Baffa, miƙo mini ruwan can." Abin da na ce ke nan. Ya miƙo.

Bayan ƙaramar salla ya faɗi a bakin rijiya da safe. Aka kai shi asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya dawo gida hannun dama ba ya motsi, bakinsa ya karkace, magana ta tafi. Yana ji, yana gane mutane, idonsa yana bin duk wanda ya shigo. In ya yi ƙoƙarin magana sai wani sauti ya fito wanda ba kalma ba.

A sati na biyu ina ba shi kunu da cokali, sai abin ya faɗo mini. Ya riga ya miƙa sunan. A wurinsa ya sauke kayan tun ranar Asabar ɗin nan, a hannuna. Na ajiye kofin na tafi na buɗe littafin rubutun, ko da na san abin da zan tarar. Rabin shafi fari. Na zauna na yi ta juya bakina ko zai dawo. Na tuna gaɓa uku ne. Na tuna yadda leɓensa ya haɗu a farkon. Ban tuna komai bayan wannan ba.

Na bi tsofaffin matan dangi ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ce Kaka suka sani. Na nemi ɗalibar a shagon mahaifinta, na faɗa mata gaskiya. 

"Oga Yarima," ta ce, "ni fa na sa hannu a kan abin nan na ce gaskiya ne. Kai ka ga an kama kakarka abin kunya ne? Wanda ya kama ta fa?"

Ta ce kundin ya riga ya shiga ɗakin karatu, ba ta da ikon cire shafi, amma in na kawo na gaskiya za ta kai wa malaminta. Na rubuta labarin duka na kai mata. Wurin sunan na bar fili.

Sauran begena Kawu ne. Na hau mota zuwa Panda, na hau babur zuwa ƙauyen, karo na farko a rayuwata. Na same shi a gona. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya jingina fartanyarsa ya zauna a kan kunya.

"Ɗana, mu a wurinmu wanda aka tafi da shi ba a kiran sunansa, kada a riƙa tayar wa uwarsa da ciwo. Wadda aka ɗauka a hanyar rafi muke cewa. Mu muka riƙe gonarta, ku kuka riƙe sunanta. Haka aka raba tun farko."

Bai zage ni ba. Ya tambayi jikin Baffa, ya ce ba zai jira doya ba, zai zo ranar kasuwa.

Ya zo da hantsi. Muka shiga ɗakin Baffa tare, yana kwance a kan katifa an jingina shi da filo. Kawu ya zauna a gefensa ya kama hannun mai lafiyar ya ce, "Mai ginin laka, kai ma ruwa ya taɓa ka?" Gefen bakin Baffa ya motsa. Na aika aka kira matata da 'ya'yana, da telan nan da maƙwabta biyu da suke zaure ranar da aka karanta kundin. Ɗakin ya cika, wasu suka tsaya a bakin ƙofa. Na cire hulata na durƙusa inda idonsa zai same ni.

Na ce, "Baffa, ranar da ka tambaye ni ko na rubuta, na ce na rubuta, ƙarya na yi maka. Ban rubuta ba, kuma na manta. Na nema ko'ina ban samu ba. Shanun da aka karanta maka ni na ƙirƙira, don a ci gaba da kirana da sunan da ba nawa ba a wurin aiki. Mu jikokin matar da aka kamo a hanyar rafi ne, ga Kawu nan jininmu ne, ga 'ya'yana suna ji. Mutum uku suka riƙe sunanta a gidan nan ba su yar ba, ni na yar. Ba ni da abin da zan mayar maka. Na cuce ka, na cuce ta. Don Allah, Baffa, ka yafe mini."